An ce maganin kyauta ne, amma kuɗin zuwa karɓarsa ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a wata ƙaramar hukuma ta jihar Kano. Shekarata 39, 'ya'yana huɗu, autar ba ta daɗe da yaye ba. Wata biyu ke nan da na ji ƙullutu a mamana na hagu. Aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya nuna sankara ce, irin wadda likita ya ce ana kira mai HER2. Ta taɓa kaluluwar hammata, amma hotuna sun nuna ba ta wuce nan ba. Ya ce akwai allurar da ke yi wa irin wannan aiki sosai, ana yin ta duk bayan mako uku har tsawon shekara, ban da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da tiyata. Da ya faɗi kuɗinta sai na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ko albashina na shekara biyu aka tara ba zai saye ta ba.

Ganin halin da na shiga sai ya ce akwai wani binciken gwajin magani da ake yi a wani asibitin koyarwa a kudu, idan aka ɗauke ni za a riƙa ba ni maganin kyauta. Na kira lambar da ya ba ni. Matar da ta ɗauka ta ce magani kyauta ne, wasu gwaje-gwajen ma kyauta ne, sauran bayani sai na zo. Tafiyar yini guda ce cur a mota, kuma ba zan iya zuwa ni kaɗai ba. Na lissafa kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa da kwana biyu a masauki, na ga zuwa ɗaya zai cinye fiye da rabin albashina.

Maigida ya ce ba za a mai da matarsa zakaran gwajin dafi ba, yana ta tuna abin da aka yi wa yaran Kano lokacin sanƙarau. Ya ce a yi abin da za a iya a nan gida. Yayana kuma ya ce in sayar da filin da na gada in tafi, ko mijin ya so ko ya ƙi. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. Inna tana ta kawo mini jiƙo daga wurin wani mai magani. Ni kuma kunya nake ji in tambayi masu binciken ko za su taimaka da kuɗin mota, kada su ce ba ni da godiya su ba wa wata gurbina. Har yau ban fara kowane magani ba. Dare ya yi in kasa barci ina kallon yaran nan. Anti, in tafi ko in haƙura?

Ƙanwarki, daga jihar Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya bar ki da 'ya'yanki ki ga aurensu. Akwai labari mai daɗi a cikin wasiƙarki wanda na ga kin wuce shi da sauri, ina so ki dawo ki riƙe shi: ciwon bai bazu ba, kuma an san irinsa. Mata da yawa a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai abu ya yi nisa. Ke kin zo a matakin da likitoci ke maganar warkarwa. Allurar da aka ambata miki, wadda sunanta trastuzumab, idan aka haɗa ta da kemo tana rage dawowar irin wannan ciwo da mutuwa daga gare shi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka neman ta da kike yi ba kwaɗayi ba ne, kina da gaskiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kin ce har yau ba ki fara komai ba. Sankara mai HER2 tana cikin masu saurin girma. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2020 ya gano cewa kowane jinkirin mako huɗu kafin tiyatar sankarar mama yana ɗaga haɗarin rasa rai da kusan kashi 8 cikin 100. Yayin da maigida da yaya suke ƙin gaisawa, ciwon bai tsaya jiran su shirya ba. Sai dai kada wannan ya sa ki ruga ki fara kemo gobe ba tare da tambaya ba, domin bincike da yawa ba sa ɗaukar wadda ta riga ta fara wani magani. Abin yi shi ne ki koma wurin likitanki cikin makon nan, ki ce masa ya faɗa miki ranar ƙarshe da ya kamata a ce kin fara magani, a can ko a nan. Ki rubuta ranar, ki faɗa wa kowa a gida. Duk wata shawara dole ta ƙare kafin ranar.

Kunyar nan kuwa, ki ajiye ta gefe. Binciken magani ba sadaka ba ce da za a ce mai karɓa ba ya zaɓe. Masu binciken suna neman amsar wata tambaya, kuma ba za su same ta ba sai mata irinki sun ba da jikinsu da jininsu da lokacinsu, sun ɗauki kasadar abin da ba a gama sani ba. Kamar yadda kike buƙatarsu, haka suke buƙatarki. Ƙa'idar binciken lafiya ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta tanadi cewa takardar amincewa ta bayyana wa mai shiga abin da shigar za ta ci masa na kuɗi, da abin da za a ba shi, da yadda za a kula da shi idan maganin ya yi masa illa. Ba alfarma kike roƙo ba in kin tambaya. Kuma wannan matsala ba ta talakan Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka, inda doka ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin jinyar yau da kullum ta mai shiga bincike, an gano cewa masu ƙaramin samu sun fi kasa shiga, saboda kuɗin hanya da masauki da rashin zuwa aiki. Har hukumar magunguna ta ƙasar ta fito fili a 2018 ta ce mayar wa mara lafiya kuɗin tafiya da masauki ba sayen amincewarsa ba ne. Duk mai gudanar da bincike na gaskiya ya saba jin wannan tambayar. Idan kuma kika yi ta aka ɗaure miki fuska, to kin koyi wani abu muhimmi game da wurin tun kafin ki sa hannu.

Ga yadda kuɗin yake rabuwa a mafi yawan bincike. Masu ɗaukar nauyi sukan biya maganin da ake gwadawa da gwaje-gwajen da binciken ne kaɗai ya sa ake yin su. Abin da za a yi miki ko da ba ki shiga ba, irin su kuɗin gado, tiyata, gashi (wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura), maganin amai, wani lokaci har kemon kansa, sau da yawa akan bar wa mara lafiya ko inshorarsa. Sai kuma mota, masauki, abinci da mai rakiya, waɗanda in ba a rubuta su a wani wuri ba to a kanki suke. Matar da ta ce miki "wasu gwaje-gwajen" kyauta ne ba ƙarya ta yi ba, amma ba za a gina shekara guda ta rayuwarki a kan "wasu" ba. Ki sake kiranta, ki roƙa ta turo miki takardar amincewar ta WhatsApp da jadawalin zuwa asibiti tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Ba sai kin yi tafiyar yini guda ba kafin ki karanta takarda. Idan akwai fassarar Hausa ki karɓa, idan babu ki nemi a karanta muku da bayani.

Da jadawalin a hannu, ki ɗauki littafin rubutu irin na 'yan ajinki, ki ja layi, kowane abu ki rubuta wanda zai biya a gabansa. Ki fara da zuwa ɗaya ki bi shi daki-daki, domin lissafin da kika yi na kwana biyu lissafin ranar da komai ya tafi daidai ne. Kun tashi da asuba ke da mai rakiya, kun isa da dare. Washegari aka ɗebi jini. Bayan kemo sojojin jini sukan sauka, idan suka yi ƙasa da yawa za a ce yau ba za a saka magani ba, a dawo bayan kwana uku ko mako guda. To zama za ki yi kina biyan ɗaki da abinci, ko komawa Kano za ki yi ki sake dawowa? In kuma an saka maganin, jiki na iya ƙin hawa mota washegari saboda kasala da tashin zuciya, ga ƙarin kwana. Sannan abin da ya fi damuna: tsakanin mako ɗaya zuwa biyu bayan kemo ne sojojin jinin suka fi sauka, lokacin kina gida. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakanin ba na shan farasitamol a kwanta ba ne, na zuwa asibiti ne a daren. Wane asibiti za ki je, wa za a kira, wa zai biya gadon da alluran? Wannan tambayar ki yi ta da bakinki, ki ga an nuna miki amsarta a rubuce.

Allurar duk mako uku na tsawon shekara tana nufin zuwa 17 ko 18. Ki ƙara zuwan farko na tantancewa, wanda za ki iya kashe kuɗinsa a ƙarshe a ce ba ki cika sharuɗɗa ba. Ki ƙara kwanakin tiyata. Ki ƙara gashi idan za a yi, wanda yakan ɗauki mako uku zuwa biyar ana zuwa kusan kullum. Ki ƙara hoton zuciya da ake kira eko, wanda ake maimaitawa kusan duk wata uku saboda allurar kan raunana zuciyar wasu. Ki tambaya ko bayan an gama za su ci gaba da kiranki duba lafiya, sau nawa a shekara, har shekara nawa.

Sai tambayoyin da za su iya rage jimillar. Za su yarda a yi gwajin jini a Kano kwana ɗaya kafin tafiya a tura musu sakamako, don kada ki yi tafiyar banza? Za a iya yin eko da tiyata da gashi a kusa da gida? Suna da masaukin marasa lafiya? Idan suna biyan kuɗin mota, na mutum ɗaya ne ko biyu, a hannu ranar zuwa ko sai an cike takarda a jira? Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da za a mayar miki bayan wata biyu ba zai hau da ke mota yau ba. Kuma idan sai da rasit, ki sani tun yanzu, domin direba a tasha ba ya ba da rasit sai an je teburin 'yan ƙungiya an nema.

Akwai tambaya guda da mutane suka fi mantawa. A wasu binciken kowa maganin nan ɗaya ake ba shi. A wasu kuwa kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sami sabon magani, wasu su sami wanda aka saba. Ki tambaya wane iri ne wannan. Idan ƙuri'a ta jefa ki gidan maganin da aka saba, shi ma kyauta ne ko saye za ki yi? Idan aka tsayar da binciken a tsakiya, ko aka cire ki saboda wani dalili, wa zai ƙarasa miki sauran alluran? Dama kina da ikon fita duk ranar da kika ga dama ba tare da an hana ki jinya ba, amma ni ba fitar son rai nake ji miki ba. Ina jin tsoron fitar da aljihu ke tilastawa a zuwa na shida, an bar magani a rabi, fili ya tafi.

Yanzu ki buɗe wani shafin ki yi lissafin zama a gida, da gaskiya iri ɗaya. Kuɗin da likita ya faɗa miki na wane samfuri ne? Asalin allurar ita ce Herceptin, amma yanzu akwai makamantanta na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farko a cikinsu tun 2019. Ki kuma tambaye shi game da wata shida maimakon shekara. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya mai suna PERSEPHONE, wanda aka buga a 2019, ya nuna bayan shekara huɗu matan da ciwon bai dawo musu ba kashi 89.4 ne cikin waɗanda suka yi wata shida, 89.8 cikin waɗanda suka yi shekara. Shekara ce har yanzu aka fi bi, kuma likitanki ne zai ce ko wata shida ya dace da ke, amma ga wadda kuɗi ke nema ya hana ta gaba ɗaya, wannan magana ce da ta cancanci zama a yi ta. Akwai kuma asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021 don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Cikin asibitocin da aka fara da su akwai asibitin koyarwa na ABU a Zariya, da na tarayya a Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Masu nema sun fi kuɗin yawa, don haka kada ki jingina da shi kaɗai, amma ki shigar da takardarki ta ofishin kula da marasa ƙarfi na asibiti ko da kin yanke shawarar tafiya kudu. Idan kuma ana cire miki kuɗin taimakekeniyar lafiya a albashi, ki je ofishinsu ki ji abin da suke ɗauka, ko da gwajin jini da gado ne kawai.

Maigidanki kuma, ina roƙonki kada ki ɗauke shi abokin gaba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma Kano ta ga macijin da idonta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka saka, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Mutumin da ya taso yana jin wannan labari, aka ce za a kai matarsa wani gari a gwada mata magani, in ya ce a'a ba mugunta ba ce. Ina kuma zargin akwai wani ciwon a ƙarƙashin wannan da bai furta ba: namiji ne aka faɗa masa kuɗin ceton matarsa, ya duba ya ga ba shi da shi, sannan ga surukinsa yana maganar sayar da fili kamar shi babu shi. Wani lokaci "ban yarda ba" ta fi sauƙin faɗa a kan "ba ni da hali".

Ba musu za ki yi da shi ba, aiki za ki ba shi. Ki ce masa tsoronsa naki ne, ki roƙe shi ya zama shi ne mai binciken masu binciken. A yau gwajin magani a Nijeriya yana buƙatar izinin NAFDAC da amincewar kwamitin kula da ƙa'idojin bincike, kuma akwai babban kwamiti na ƙasa, NHREC, da ke sa ido a kansu. Ya nemi lambar amincewar kwamitin a jikin takardar, da hanyar tuntuɓar shugabansa. Ya nemi lambar rajistar binciken, a sa wani mai waya ya duba ta a rumbun ClinicalTrials.gov ko na Afirka da ake kira PACTR. Ya tambaya ko maganin sabo ne fil da ba a taɓa ba mutane da yawa ba, ko kuwa sananne ne ake duba yadda yake aiki a jikin matanmu. Irin na biyun an yi shi a ƙasar nan: binciken ARETTA, da aka gudanar a asibitocin Ibadan da Legas da Ile-Ife tare da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, trastuzumab ɗin nan da kemo aka ba matan Nijeriya, maganin da Amurka ta amince da shi tun 1998. Ku kai takardar wurin wani likitan sankara na daban wanda ba ya cikin binciken, ya karanta a gabanku. Zuwan farko kuma shi ya kamata ya raka ki, ya zauna gaban likitan ya yi tambayoyinsa. Akwai ma abin da ba zai yiwu ba sai da shi: allurar tana cutar da ɗan tayi, dole a kauce wa ciki lokacin da ake yin ta har wata bakwai bayan an gama, ko a can aka yi ko a nan. Sa hannun da likitoci za su nema naki ne, domin jikin naki ne, ki san wannan a ranki. Amma shekara guda ta zirga-zirga da yara huɗu a gida ta fi sauƙi nesa ba kusa ba idan yana gefenki.

Yayanki ƙauna ce ta sa shi zafi, ki gode masa, sannan ki roƙe shi ya sassauta harshe. "Ko ya so ko ya ƙi" ba ta ƙara miki komai sai ƙarin bango. Ki sami wani babba da su biyun suke jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa, ya zaunar da su a kan littafin lissafin nan, ba a kan wa ya fi iko da ke ba. In yaya da gaske yake, ya faɗi zuwa nawa zai ɗauki nauyinsu. 'Yan'uwa shida, kowa ya ɗauki zuwa uku, an gama da kuɗin hanya. Gudummawar da aka ɗaura wa rana da suna ta fi "za mu taimaka" tabbata. Filin naki ne, kuma in rai ya buƙace shi don irin wannan ranar aka ajiye shi. Amma kada ki sa shi a kasuwa kafin a tabbatar miki an ɗauke ki. Dillalai suna jin ƙanshin matsuwa, za su taya shi a wulaƙance. In ya zama dole, kuɗin su shiga asusu na daban wanda ba a taɓa shi don cefane, a tanade su don manyan abubuwa irin tiyata da gashi.

Inna kuma uwa ce, abin da hannunta ya kai shi take kawowa. Ki karɓi addu'arta da hannu biyu. Jiƙon dai ki ajiye, domin wasu saiwoyi suna wahalar da hanta da ƙoda, su ɓata sakamakon gwajin jini har a ƙi ɗaukarki ko a ɗage miki magani. Duk abin da kika riga kika sha ki faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye. Kada a yarda a tsaga wurin ko a ɗaura masa wani abu. Ki ba ta aikin da ya fi jiƙo: riƙon autar a kwanakin da ba kya nan.

Kin tambaye ni ki tafi ko ki haƙura. Da alƙaluman da ke kanki kika ba ni, zuwa 18 a kan fiye da rabin albashi kowanne ya haura albashin wata tara, allurar kuma ta haura na shekara biyu. Saboda haka ni raina ya fi karkata ga ki je a tantance ki, matuƙar takardu sun nuna binciken na gaskiya ne, kuma an rubuta cewa duk gidan da kika faɗa za ki sami allurar har ƙarshe. Akwai hanyar rage nauyin ma. Watannin kemo su ne masu wuya, kuma manyan garuruwan kudu ba sa rasa unguwar Hausawa, irin Sabo a Ibadan ko Agege da Idi-Araba a Legas. A tambaya cikin dangi da 'yan kasuwar garinku ko akwai gidan mutunci da za ki sauka, ko ɗakin da za a kama na 'yan watanni. In kemo ya wuce aka koma allurar kaɗai, jiki yakan fi sauƙi, kwanakin kowane zuwa su ragu. Ki rubuta wa ofishin sakataren ilimi neman hutun jinya da takardar likita tun yanzu, kada albashin da duk lissafin ya dogara a kansa ya tsaya saboda rashin takarda.

Idan kuwa amsoshin suka zo a dunƙule, ko aka ƙi turo takarda, ko kika haɗa komai kika ga ba za ki kai ƙarshe ba, to ki fara a gida ba tare da waiwaye ba, kuma kada ki kira wannan haƙura. Kemo da tiyata da gashi a kan lokaci magani ne na gaske, sannan a bi allurar ta hanyoyin da na ambata, gwargwadon abin da aka samu. Ki yi istihara, ki kira matar nan gobe da safe ki nemi takardar da jadawalin, jibi ki ga likitanki ya ba ki ranar. In takardar ta iso kuma wani wuri ya shige miki duhu, ki sake rubuto mini mu duba tare. Allah Ya sa a dace, Ya tashi kafaɗunki.